Yadda Ake Hasashen Kasuwar Makamashi Mai Tsafta Kafin a Zuba Jari

Tsakanin shekarar 2006 da 2011, masu zuba jari a sababbin kamfanoni sun narka fiye da dala biliyan 25 a fasahar makamashi mai tsafta, kuma wani bincike da ya fito daga jami'ar MIT ta Amurka a 2016 ya nuna cewa fiye da rabin kuɗin nan bai dawo ba. Abin da zai ɗaure wa mutum kai shi ne hasashen nasu ya tabbata. Sun ce wutar sola za ta yi araha ta bazu a duniya, kuma haka aka yi, domin Hukumar Makamashi Mai Sabuntuwa ta Duniya ta lissafa cewa kuɗin samar da lantarki daga manyan tashoshin sola ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023. Sun san inda kasuwa ta dosa, amma sun tsaya a wurin da arahar ta cinye su.

Saboda haka wannan jagora ta ginu a kan magana ɗaya: bunƙasar kasuwa daban, ribar mai jari daban. Za a ɗauki sola da batir a matsayin misali, tunda su ne suka fi kusa da hannun ɗan kasuwa a Kano ko Maraɗi, sai dai hanyar lissafin tana aiki a kan baburan lantarki, da ɗakunan sanyi, da injinan ban ruwa.

Mataki na ɗaya: Ka gano yadda farashin kayan ke tafiya

Tun a 1936 wani injiniyan jiragen sama a Amurka, Theodore Wright, ya lura cewa duk lokacin da jimillar abin da aka ƙera ta ninka, kuɗin ƙera guda ɗaya yakan sauka da wani kaso sananne, saboda ma'aikata suna ƙara gwanancewa, masana'antu kuma suna girma. A farantan sola, wannan kaso ya daɗe yana kusan 20 cikin ɗari. Idan faranti yana kan 100, ninkin farko zai mai da shi 80, na biyu 64, na uku wajen 51. Wato ninki uku ya ishe shi ya koma rabin kuɗinsa. Batirin litiyom ma haka ya bi: a 2010 batirin da ke ɗaukar awa ɗaya ta kilowat, wato yunit ɗaya na mitar lantarki, ya haura dala 1,000, a 2023 kamfanin bincike na BloombergNEF ya ƙiyasta shi a dala 139, a 2024 kuma dala 115.

Amfanin wannan ga mai hasashe shi ne ya raba kaya gida biyu. Akwai waɗanda ake bugawa a masana'anta dubu-dubu iri ɗaya, kamar faranti da batir da inbata da ƙwan fitila, su ne ke bin wannan hanya ta saukar farashi. Akwai kuma waɗanda ake gina kowane ɗaya da kansa, kamar madatsar ruwa, ko waɗanda kuɗinsu na ƙarfe ne da siminti da lebura, su kam ba su cika sauka ba. Ko a cikin aikin sola guda, farantin yana araha yayin da wayar jan ƙarfe da ƙarfen ɗaurawa da kuɗin mota da ladan mai haɗawa suke tsaye ko suna hawa. Wanda ya yi hasashen cewa duk aikin zai sauka daidai da faranti ya yi kuskure tun daga tushe.

Sannan saukar ba ta tafiya a miƙe. A 2022 farashin batir ya tashi zuwa dala 151, karon farko tun da aka fara bibiyarsa, saboda tsadar ma'adinai. Sinadarin litiyom a kasuwar Sin ya kusa kai yuwan 600,000 kowane tan a watan Nuwamba na shekarar, amma zuwa ƙarshen 2023 ya gangaro wajen yuwan 100,000. Waɗanda suka ga tsadar suka ruga suka sayi hannun jarin kamfanonin haƙar litiyom a ƙololuwa, sun sha kashi. Tsadar ɗanyen kaya takan jawo sababbin masu haƙa, su kuma su cika kasuwa, farashi ya karye. Don haka idan ka ga ɗanyen kaya ya yi tashin gwauron zabi, ka ɗauke shi a matsayin yanayi mai wucewa, kada ka gina shirin shekara goma a kansa.

Mataki na biyu: Ka yi lissafin mai saye, da abin da yake amfani da shi yau

Mutane ba sa sayen sola don ta yi araha a Sin. Suna saye ne ranar da ta fi abin da ke hannunsu sauƙi. A yawancin kasuwannin Arewa abin da ke hannun nan janareto ne, kuma duk wanda ya taɓa ratsa layin teloli da rana tsaka ya san ƙarar injinan da hayaƙin da ke bin rumfuna, da yaron shago da ke dawowa da galan ɗin fetur a hannu. Wannan galan shi ne abokin gasarka, shi za ka auna.

Ga misali na ƙiyasi kawai, kowa ya sa alƙaluman garinsu. A ɗauka telan nan yana ƙona lita 4 a rana, lita a kan naira 1,000, kwana 26 a wata. Ya kama naira 104,000. A ƙara naira 10,000 na baƙin mai da gyara, jimilla naira 114,000. Idan kayan solar da za su ɗauki kekunansa da fanka da fitilu sun kai naira miliyan biyu da rabi, kuɗinsa zai dawo cikin wata 22 ko kusa da haka. Wannan ciniki ne mai kyau ga kayan da farantinsu ke yin shekara 20 zuwa 25. Amma idan bashi zai ci da ruwa kashi 30 cikin ɗari, ruwan shekarar farko kaɗai naira 750,000 ne, wato naira 62,500 a wata, ya lashe fiye da rabin abin da ya tsira da shi. A nan ne za ka fahimci cewa abin da ke riƙe kasuwar ya fi karkata ga tsadar kuɗi fiye da tsadar faranti, musamman idan aka tuna cewa Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024.

A cikin lissafin kada a manta da batir, domin shi ne ke fara mutuwa. Batirin ruwa a zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan gaji cikin shekara biyu zuwa uku idan ana zuƙe shi kullum, na litiyom ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗin farko ya fi yawa. Haka kuma ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti idan ba a gogewa, kuma zafi mai tsanani shi ma yana rage shi, saɓanin abin da mutane da yawa suke zato.

Da zarar ka iya wannan lissafi, hasashe ya zama mai sauƙi, domin duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin alƙaluman nan zai motsa kasuwa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowace awar kilowat. A watan Oktoban shekarar, lalacewar manyan layukan lantarki ta bar jihohin Arewa da dama cikin duhu fiye da mako guda. A Nijar, wadda a lokacin take samun kusan kashi 70 na wutarta daga Najeriya, an katse layin a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya gajarta lokacin da kuɗin mai sayen sola ke dawowa, kuma wanda ke da lissafin a rubuce zai iya ganin tasirinsa a ranar da labarin ya fito, tun kafin layi ya taru a shagon masu sayar da inbata.

Mataki na uku: Ka tantance ko buƙatar ta dogara da tallafin gwamnati

Ƙasar Sifen ta yi wa masu sola alkawarin sayen wutarsu a farashi mai tsoka, a 2008 kaɗai aka girka fiye da megawat 2,500, gwamnati ta ga kuɗin ya fi ƙarfinta ta rage tallafin, a 2009 kasuwar ta kusa tsayawa cik, daga baya ma aka zaftare wa waɗanda suka riga suka gina. A Amurka, dokar da aka sa wa hannu a watan Agustan 2022 ta buɗe rangwamen haraji mai yawa ga makamashi mai tsafta, wata dokar ta Yulin 2025 kuma ta datse babban ɓangarensa. Sai ka kwatanta da Pakistan, inda a 2024 aka shigo da farantan da suka kai kimanin megawat 17,000, akasari gidaje da manoma da masana'antu ne suka saya da kuɗin aljihunsu saboda tsadar wutar gwamnati. A ganina irin wannan buƙata ta Pakistan ita ce mai ƙwari, kuma ita ce ta fi kama da tamu.

Hakan ba ya nufin a yi watsi da manufofin gwamnati. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohin Najeriya damar tsara kasuwar wutarsu, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki tana da ƙa'idojin ƙananan tashoshin lantarki tun 2016, kuma a watan Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na yaɗa wutar makamashi mai sabuntuwa da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ke gudanarwa. Abin da ya kamata shi ne ka yi lissafinka sau biyu, da tallafi da kuma babu shi. Idan sana'ar ba ta tsayawa da ƙafarta sai an tallafa mata, to ka san cewa a kan alƙalamin wani jami'i ka ɗora jarinka. Ka kuma sa ido a kan harajin kwastan da maganar taƙaita shigo da faranti daga waje, wadda aka ji daga bakin jami'an gwamnati a 2025, domin mataki ɗaya irin wannan zai iya juya farashi cikin mako guda.

Mataki na huɗu: Ka zaɓi wurin tsayawa

Wannan ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma a nan masu kuɗin da aka ambata a farko suka faɗi. Kamfanin Solyndra na jihar Kalifoniya ya ƙirƙiro faranti mai siffar bututu wanda ba ya buƙatar sinadarin silikon da ake yin yawancin faranti da shi, a lokacin da kilo ɗaya na silikon ya haura dala 400 a 2008. Gwamnatin Amurka ta tsaya masa ya karɓi bashin dala miliyan 535 a 2009. Masana'antun Sin suka cika kasuwa da silikon, farashinsa ya faɗo ƙasa da dala 50, dalilin kafa kamfanin ya ɓace, ya durƙushe a 2011. Q-Cells na Jamus, wanda ya taɓa zama na ɗaya a duniya wajen ƙera ƙwayoyin farantin sola, ya karye a 2012. Kai, ko Suntech, mai ƙera faranti na ƙasar Sin ɗin kanta, babban reshensa ya karye a 2013. Northvolt na Suwidin, wanda ya tara fiye da dala biliyan 10 don ƙera batir a Turai, ya nemi kariyar kotu a Nuwamban 2024, ya rushe a Maris ɗin 2025. A yau Sin ce ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na ƙera farantan sola, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Tambayar da za ka yi wa kowace sana'a ita ce: idan farashin kayan ya sauka da rabi cikin shekara biyu, wannan sana'a za ta yi dariya ko kuka? Mai ƙera faranti zai yi kuka. Mai sarin da ya cika sito da kaya shi ma zai yi kuka, domin kayan da ke ajiye kullum darajarsu raguwa take yi. A 2023 farashin faranti a kasuwar duniya ya faɗi da kusan rabi, sai dai 'yan kasuwar Najeriya da yawa ba su ji zafin ba, saboda a daidai lokacin naira ta faɗi daga wajen 460 a dala zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, faɗuwar naira ta rufe faɗuwar kayan. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin gwanintarsa ya ci gaba da tara kaya, ranar da naira ta tsaya zai ga asarar tsirara.

Waɗanda za su yi dariya su ne masu sayen kayan su sayar da aikin da kayan ke yi: mai ƙanƙara, mai ɗakin sanyin da ke ajiye wa 'yan gwari tumatir da tattasai a kan kuɗin kwando, mai ba manoman rani hayar famfon sola a fadama, mai sayar wa rumfunan kasuwa wuta da mita kamar yadda aka yi a kasuwar Sabon Gari ta Kano, da mai haɗawa da gyara wanda ya yi suna da amana. Duk saukar farashi riba ce a wurinsu, kuma abin da suka mallaka, wato sanin unguwa da amincewar masu saye, ba a loda shi a kwantena daga Shanghai.

Wuri da lokaci ma suna da nasu hukuncin. Kamfanin Better Place na Isra'ila ya kashe ɗaruruwan miliyoyin dala a kan dabarar musanya batirin mota a tasha, ya karye a 2013. Dabarar nan ita ce yanzu take aiki a kan babura a Taiwan da Ruwanda da Kenya, saboda batirin babur ana ɗaga shi da hannu, kuma ɗan acaɓa yana kashe kuɗin mai kowace rana, ga shi ba ya iya tsayawa jiran caji.

Mataki na biyar: Ka daidaita kuɗin da ka ciyo da kuɗin da za ka karɓa

Kayan da dala ake sayo su, masu saye kuwa naira suke biya. Wanda ya ci bashin dala a farkon 2023 yana karɓar naira kaɗan-kaɗan daga abokan ciniki, bashinsa ya ninka sau uku ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Ƙa'idar ita ce a ci bashi da kuɗin da ake karɓa, ko kuma a rubuta a yarjejeniya cewa za a riƙa sake duba farashi duk wata shida. 'Yan kasuwar Nijar suna da sauƙi ta wannan fuska tunda sefa a ɗaure take da yuro. Ga wanda ke gudun riba, fiƙihun ciniki ya tanadi hanyoyin da suka dace da harkar sosai: murabaha wajen sayar da kaya da ribar da aka sani a biya sannu a hankali, ijara wajen ba da hayar famfo ko firiza, musharaka wajen haɗa jari a raba riba da asara.

Mataki na shida: Ka binciki kamfanin ko mutumin da za ka ba kuɗi

Zuwa da kai ya fi aike. Ka je inda aka girka kayan shekara biyu da suka wuce, kada ka yarda da wanda aka girka makon jiya. Ka taɓa batirin ka ji zafinsa, ka dubi ko an goge farantan, ka ja mai shagon gefe ka tambaye shi sau nawa wutar ta ɗauke a watan da ya gabata, da kuma kwana nawa ake yi kafin mai gyara ya zo.

A cikin takardu, abin da za ka fara nema shi ne kuɗin da aka karɓa a hannu, a kwatanta da kuɗin da ake bi. Kamfanonin da ke ba da sola bashi a biya ta waya sun nuna cewa tsarin yana aiki, M-KOPA na Kenya, wanda aka kafa a 2011, misali ne, amma Mobisol na Jamus da ke irin wannan sana'a a Gabashin Afirka ya shiga halin karyewa a 2019 har kamfanin Engie na Faransa ya saye shi. Irin wannan kamfani rabinsa mai sayar da wuta ne, rabinsa mai ba da bashi, kuma yawan sababbin masu saye yana iya ɓoye tsofaffin da suka daina biya. Don haka ka nemi a ware maka waɗanda suka karɓi kaya a wata guda, a nuna maka kashi nawa ne daga cikinsu suke biya bayan shekara. Ka tambayi wanda zai ɗauki nauyin garanti idan inbata ya ƙone, da ko an ware kuɗin sauya batir. Idan sabuwar ƙirƙira ce ake tallata maka, ka tambayi abin da zai hana wata masana'anta kwaikwayonta cikin wata shida.

Wanda kuma ya zo maka da alkawarin riba tsayayya ta kashi 20 ko 30 a wata da sunan gonar sola, ka nemi rajistarsa a Hukumar Kula da Hannayen Jari ta SEC. Lissafin tela da aka yi a sama ya nuna cewa ko ciniki mai kyau sai ya kusa shekara biyu kafin uwar kuɗi ta dawo, kuma waɗanda tsarin damfara na MMM ya cinye wa kuɗi a 2016 har yanzu suna nan da rai a tambaye su.

Mataki na bakwai: Ka rubuta hasashenka, ka sa masa alamomi

Hukumar Makamashi ta Duniya, da duk ƙwararrunta, ta shafe shekaru tana hasashen bunƙasar sola ƙasa da yadda take zuwa. Idan su suna kuskure, kai ma za ka yi, saboda haka kada ka tsaya a kan adadi ɗaya. Ka ɗauki littafi ka rubuta yanayi uku na shekara uku masu zuwa: wanda fetur ya ƙara tsada naira kuma ta tsaya, wanda abubuwa suka ci gaba yadda suke, da wanda fetur ya sauka, wutar gwamnati ta gyaru a unguwar da kake aiki, aka kuma ƙara harajin shigo da kaya. Ka sake lissafin mataki na biyu a ƙarƙashin kowanne. Idan a yanayi na uku sana'ar ta rage riba amma tana biyan bashinta, ana iya shiga. Idan a yanayi na uku gidanka za a sayar, to jarin ya fi ƙarfinka, ka rage shi.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, don haka ka zaɓi alamomi huɗu ko biyar da za ka riƙa rubutawa a ranar farko ta kowane wata: farashin lita a gidan man unguwarku, canjin dala, farashin wat ɗaya na faranti a wurin dillalai uku daban-daban, awannin wutar da layinku ya samu, da kason abokan cinikin da suka biya a kan lokaci. A gaban kowace alama ka rubuta tun yanzu iyakar da idan ta kai za ka sauya shawara, misali idan masu biya a kan lokaci suka sauko ƙasa da kashi 80 za ka dakatar da ba da sabon kaya bashi. Jarin kuma a shigar da shi kashi-kashi: a fara da famfo biyar ko rumfuna ashirin, a bar su su ga hunturu da bazara da damina, domin a damina ne hadari ke rage wutar faranti, manomin rani kuma ba ya buƙatar famfo, sannan a duba littafin kafin a saki kashi na biyu.